Manhajar da Ta Zaunar da Kowa Kusa da Surukinsa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Safana ba za su bari ba. Har yau in na sauka daga mota a tasha, sai wani ɗan acaɓa ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, yau kusa da wa za ka zaunar da mu?" Ni kuwa in yi murmushin yaƙe, in yi kamar waya ake kira na, in wuce.

Bari in fara daga farko. Ni ɗan Batsari ne. Na yi difloma a fannin kwamfuta, na dawo gida na shekara guda a bakin kasuwa ina gyara wa mutane waya da tura musu waƙoƙi. Daga nan Allah ya sa na samu shiga wani horo na wata huɗu a Katsina, inda ake koya wa matasa tsara manhajar waya. Aka koya mana cewa kafin ka gina komai sai ka zana kowane shafi a takarda, ka nuna inda maɓalli zai zauna da abin da zai faru in an danna shi, sannan ka haɗa samfuri, wato manhajar gwaji wadda take aiki daidai yadda za a iya jarraba ta. Malamarmu, wata mata mai haƙurin gaske, kullum magana ɗaya take nanatawa: kowa ya je ya zauna da mutanen da za su yi amfani da abin, ya tambaye su, ya kalli yadda suke yi. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu. (Jan layin nan shi ne iyakar abin da na yi da shawarar.)

Sharaɗin kammala horon shi ne kowa ya fito da samfurinsa. Wasu suka ɗauki sayen taki, wasu layin asibiti. Ni na ce masu zuwa kallon wasan mawaƙa zan yi wa, kuma saboda Lawwali na zaɓi haka.

Lawwali ɗan ƙanwar babana ne, taubashina, a Safana yake. Tun muna yara ba mu taɓa yin gaisuwar mutunci ba. Shi ya ce min "bawana", ni in ce masa muryarsa kamar tsohon injin niƙa. Ƙarya nake yi, kuma ya san ƙarya nake yi. Da damina yana noman gero da gyaɗa, da rani ya ɗauki gurminsa ya bi gidajen biki da makaɗansa biyu, kuma duk inda ya buɗe baki sai ka ga mata sun bar tukunya a kan wuta. Shekarun da yankinmu ya yi cikin halin da kowa ya sani, taro ya yi wuya, wasa ya mutu. A shekarar nan ne abubuwa suka ɗan lafa, har Lawwali ya samu izinin yin wasa nasa na kansa a wani ɗakin taro a Safana, ranar uku ga Babbar Sallah, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, don mutanen ƙauye su koma gida da ido.

Babban abin kuwa shi ne baƙon da zai zo. Wani Alhaji ne daga Katsina mai shirya manyan wasanni a birane. Ya ji waƙoƙin Lawwali a waya, ya ce murya kam akwai, amma masu murya sun yi yawa. Shi abin da yake so ya gani da idonsa shi ne ko yaron zai iya tayar da mutane daga kan kujera. In ya iya, zai sa shi cikin tafiyarsa. Ya kuma faɗa tun da wuri cewa awa ɗaya kacal zai yi, don ba ya son rana ta faɗi yana kan hanya. Wannan awa ɗayan ita Lawwali yake jira tun yana buga gwangwani a bayan gidan kakarmu.

Da na je masa da maganar manhaja sai ya kalle ni sama da ƙasa ya ce shi dai bai taɓa ganin abin da na gyara ya daɗe yana aiki ba. Amma da na gaya masa Alhaji zai ga wasan ƙauye da tsarin birni, tikiti a waya, kowa da lambar kujerarsa, sai ya daina tsokana. Daga baya ya ce in yi. Yarda ya yi da ni, kuma wannan ne abin da har yanzu yake tsaya min a rai.

Na sa mata suna Kujerata. Shafin farko hoton Lawwali ne rungume da gurmi. Sati guda na kashe ina gardama da kaina ko maɓallin shiga ya zama kore ko shuɗi. (Shuɗi ya ci. Ba wanda ya taɓa lura.) Shafi na biyu ka sa sunanka da lambar wayarka, na uku jerin waƙoƙi ne ka zaɓi wadda kake so a rera. Shafi na huɗu kuwa shi ne abin alfaharina. A samansa na rubuta "Zaɓi mutanenka", a ƙasa ga sunayen duk waɗanda suka yi rajista. Za ka zaɓi mutum uku a jere, kuma duk wanda ka zaɓa wayarsa za ta samu saƙo cewa wane ya sa ka cikin mutanensa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, da wannan zaɓin manhajar za ta raba kujeru: wanda ka sa na farko, kusa da shi za ka zauna. A wasu manhajojin ƙasashen waje na ga dabarar, inda abokai suke son su zauna tare. Na ɓoye ta ne don ta zama ba-zata, mutane su shigo su ga kansu kusa da masoyansu su ce wane ne wannan haziƙi.

Gwaji kuwa na yi, kada a ce ban yi ba. Na ba abokaina uku da muke horo tare, dukkansu samari marasa aure irina. Suka zaɓi junansu, manhaja ta jera su wuri ɗaya, suka ce ai ni ba a nan ƙasar ya kamata a haife ni ba. Na yarda da su nan take.

Saura kwana goma na je wurin Baba Sallau mai kujeru. Duk wani taro da aka yi a Safana tun kafin a haife ni, kujerunsa ne, kuma shi yake tsayawa a bakin ƙofa yana nuna wa mutane wurin zama da sandarsa: kai can, kai dawo nan, ke bi bayan ginshiƙi. Ni a ganina tsoho ne kawai mai son ba da umarni. Na durƙusa na gaishe shi, muka gama tambayar gida da gona da iyali, sannan na gaya masa zan manna lamba a jikin kowace kujera, kuma wannan karon ya huta, ba sai ya tsaya a ƙofa ba.

Ya ce, "To wa zai zaunar da mutane, ɗana?"

Na ce, "Waya, Baba."

Ya ɗan tauna goronsa ya ce, "Ita wayar, ta san wa ya auri ɗiyar wa?"

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, a gaban dattijon da ya girmi babana. Na bayyana masa cewa wayar ta fi haka sani, domin mutane da kansu suke gaya mata wanda suke so. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na riga shi da cewa zamani ya canja. Sai ya yi min addu'ar Allah ya ba da sa'a, ya sa aka fito min da kujerun.

Tun da yawancin mutanenmu ƙananan wayoyi ne da su, sai na kafa tebur ranar kasuwar Batsari, na sake kafawa a Safana, ina yi wa mutane rajista da kaina. In an zo shafi na huɗu sai in karanto sunayen da ƙarfi, a gaban jama'a, mutum ya zaɓa. A cikin sunayen akwai na dattawan gari, domin Lawwali ya aika musu da tikitin girmamawa kamar yadda aka saba. Irin wannan tikitin kowa ya san ba na zuwa ba ne. Dattijo ya karɓa, ya sa albarka, ya yi zamansa a gida.

Na tuna Ɗan'asabe, ɗan acaɓa daga Darini, wanda duk yankin ba wanda ya kai shi taka rawa. Shekara guda kafin nan ya auri ɗiyar Ardo Bello, wani dattijon Bafulatani da ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ina karanto sunaye, da na zo kan na Ardo sai Ɗan'asabe ya sunkuyar da kai, ya rage murya ya ce in sa shi na farko. Na biyu ya sa ƙanen babansa, na uku malaminsu na Islamiyya. Wanda ya biyo bayansa ma haka, wanda ya biyo bayan wannan ma haka. A ɓangaren mata, matar yayana ce ta bi gida-gida da wayarta, ta dawo tana ba ni labarin cewa kowace amarya uwar mijinta ta fara zaɓa. Ni kuwa ina zaune ina jinjina kai, ina cewa a raina kai, garin nan akwai ƙaunar juna. Har na rubuta haka a rahotona.

Ko kaɗan bai zo min a rai ba cewa ba wanda zai ji an karanto sunan surukinsa a tsakiyar kasuwa ya tsallake shi ya zaɓi abokin shan shayinsa, balle ma an ce saƙo zai je. Mutane gaisuwar Sallah suka ɗauki abin, kuma gaisuwa daga babba ake farawa. Su kuma dattawa, wayoyinsu suka dinga ƙara: wane ya sa ka cikin mutanensa, wane ma ya sa ka. Aka karanta musu, suka ce to, yara sun gayyace mu da kansu har sau uku sau huɗu, ƙin zuwa ai wulaƙanci ne. Saboda haka a karon farko a tarihin tikitin girmamawa, kowa ya zo.

Ranar wasa na sa sabon kaftanina, na rataya kati a wuya wanda ni na buga wa kaina, na tsaya a bakin ƙofa, daidai inda Baba Sallau ya saba tsayawa. Shi kuwa yana can gefe a kan benci a ƙarƙashin dalbejiya, ya jingine sandarsa yana kallo. Maza dama, mata hagu. (Wannan kaɗai na yi daidai, shi ma don ɗakin a rabe yake tun asali.)

Alamar farko daga Ɗan'asabe ta zo. Ya shigo yana ƙamshin turare, da sababbin takalma masu sheƙi, yana karkaɗa kafaɗa tun kafin a fara kiɗa. Ya nufi kujera ta goma sha huɗu, ya tarar da Ardo Bello a ta sha biyar. Ya tsaya cak. Ya dawo wurina da sauri ya raɗa min cewa kamar an yi kuskure. Na duba waya da muhimmanci, na ce masa babu kuskure, ai shi ya zaɓe shi.  Ya koma, ya durƙusa ya gaida Ardo, ya cire takalman nan ya tura su ƙarƙashin kujera, ya ɗosana a bakinta ya juya rabin bayansa. Ardo ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya kafa wa bango ido. Da yake 'ya'yansa mata uku ne da aure, manhajata ta sa masa suruki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a baya.

Kai mai karatu ka san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa, ni ma na sani. Da idona na ga babana yana sauya hanya don kada ya yi kiciɓis da kakana na wajen uwa. Na san uwata ba ta faɗin sunan yayana saboda ɗan fari ne. A cikin wannan aka haife ni, a ciki na girma. Amma da na zauna a gaban kwamfuta sai na manta daga inda na fito, na dinga zana shafuka kamar ban taɓa zuwa Batsari ba.

Ɗaki ya cika maƙil, amma shiru kamar gidan ta'aziyya. Ɗa kusa da ubansa, ɗalibi kusa da malaminsa, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska kusa da uwar mijinta. Alhajin Katsina ya iso a kan lokaci, aka kai shi kujerar gaba, ya duba agogonsa ya zauna.

Lawwali ya hau dandamali cikin farar riga, kalangu ya ɗauka, ya saki murya. Ban taɓa jin ya yi waƙa kamar ranar ba. Waƙar farko ta ƙare, aka yi wani ɗan tafi mai ladabi, irin wanda ake yi wa jawabin hedimasta. Ya ɗauko ta biyu, waƙar 'yan acaɓa, wadda ko jarirai a Safana sun san amshinta. Ba wanda ya amsa. Daga inda nake tsaye ina hango ƙafafu a ƙarƙashin kujeru, yatsu suna motsi a ɓoye, amma daga gwiwa zuwa sama kowa ya ƙame. Wata mata ta fara guɗa, ta kai rabi ta tuna wa ke gefenta, ta mayar da ita tari. Ba wanda ya taso liƙi, domin kafin ka kai dandamali sai ka tsallake ƙafar surukinka.

A waƙa ta huɗu gumi ya jiƙe rigar Lawwali. Ya sauko ƙasa, ya bi layi yana rera wa mutane a fuska, yana kiran sunayensu. Ya tsaya a gaban Ɗan'asabe ya yi masa kirari. Ɗan'asabe ya ƙara sunkuyar da kai, hawaye ne ma kamar za su zubo masa. Alhaji ya sake duba agogo. Lawwali ya waiwayo ya dube ni daga nesa, kallon mutumin da yake tambaya me ke faruwa.

Yanzu ga inda na kai maƙura. Mai hankali a nan zai gane. Ni kuwa sai na yanke hukuncin cewa jama'a ba su fahimci kyautar da aka yi musu ba ne, kuma da zarar an bayyana musu za su saki jiki. Na gyara katin wuyana, na hau dandamali, na karɓi makirufo daga hannun Lawwali yana tsaka da numfashi. Na yi sallama, na gabatar da kaina da cikakken sunana da na garinmu, don kada a yi kuskuren wanda za a yaba wa. Sannan na ce:

"Jama'a, ko kun lura kowa yana zaune kusa da wanda ya fi so a ransa? Ba dace ba ne kawai. Manhajar da na ƙirƙira ce ta yi wannan aikin, don ku ji daɗin rawa tare da masoyanku."

Na tsaya ina jiran tafi. Har na ɗan rusuna.

Makirufo ya yi wata 'yar ƙara. Ɗaruruwan idanu suka ɗago a karon farko tun da aka fara wasa, duk a kaina. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi min sauƙi. Can sai Ardo Bello ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali. Bai dubi surukansa ba, bai dube ni ba, wani tsoho sa'ansa ya duba a layin gaba ya ce, "Malam, ashe mu muka hana yara wasansu. Mu tashi mu ba su wuri."

Don Allah a lura, alheri suka yi niyya. Dattawa suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin mata ma haka, suna sa wa Lawwali albarka suna nufar ƙofa. Amma wane ne zai zauna daram surukinsa ya tashi daga gefensa ya fita shi kaɗai? Ɗan'asabe ya zabura ya ɗauki takalman Ardo, ɗayan surukin ya ɗauki buta, na ukun da bai samu abin ɗauka ba ya bi su hannu a baya. Kowane saurayi ya bi dattijonsa, kowace amarya ta bi uwar mijinta, rakiya. Da a ce Baba Sallau ne ya zaunar da su, dattawa suna gaba yara suna can baya, da sun sulale sun fita ba wanda ya motsa. Ni kuwa na ɗaure kowane yaro a jikin babba. Cikin 'yan mintuna ɗakin da ya cika maƙil ya koma kujeru da lambobina manne a jiki, sai mutum goma sha wani abu, sai ni a kan dandamali riƙe da makirufo.

Alhaji ya tashi, ya miƙa wa Lawwali hannu. Ya ce murya kam Allah ya ba shi. Sannan ya ce ya sha ganin mawaƙin da ya kasa tayar da mutane rawa, amma yau ne ya fara ganin wanda ya tayar da su suka tafi gida. Na bi shi har mota ina rantsuwa cewa laifina ne, ya ƙara minti ashirin kawai, yanzu za su dawo. Ya nuna min rana da hannu, ya ce hanya ba ta jira, wani lokaci in Allah ya yarda. Direba ya ja.

Rakiyar suruki kuwa ba a bakin titi take ƙarewa ba, sai an kai ƙofar gida, an sake durƙusawa an sake gaisawa. Rabin awa ta wuce kafin su fara dawowa. Ban ga lokacin da Baba Sallau ya tashi daga bencinsa ba, kawai na gan shi a bakin ƙofa da sandarsa. Ni na matsa masa da kaina. Kai can, kai dawo nan, ke bi bayan ginshiƙi. Lawwali ya sake ɗaukar gurmi, domin mutane sun zo kuma ba zai kore su ba. Rawar da aka yi a sauran lokacin nan, tsofaffi sun ce an daɗe ba a ga irinta a Safana ba. Ɗan'asabe ya taka har rigarsa ta yage a hammata. Na ɗauki bidiyo na tura wa Alhaji. Bayan kwana biyu ya amsa da kalma biyu: Masha Allah.

Da aka watse na tsaya a gefe ina jiran Lawwali ya zo ya wanke ni tas. Na shirya wa zagi, na shirya wa gori na shekara goma, kuma na san na cancanta. Ya gama sallamar makaɗansa, ya zo, ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da sunana na yanka ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

Tun da aka haife mu bai taɓa yi min magana haka ba. Wata da watanni in mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, ya wuce. Ba "bawana", ba tsokana. Ban taɓa sanin gaisuwa tana da zafi haka ba. Na yi nadama irin wadda take hana mutum jin daɗin abinci, domin kunyar da na sha tawa ce, zan iya ɗauka, amma awa ɗayan nan tasa ce, ni na cinye ta.

A Katsina malamarmu ta karanta rahotona har ƙarshe. Ta tambaye ni mutum nawa na gwada da su, na ce uku. Ta ce nawa ne masu aure a ciki. Na ce ba ko ɗaya, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Daga baya na ɗauki takarda da biro na koma wurin Baba Sallau, wannan karon na zauna a ƙasa. Na nemi afuwa, na nuna masa sabon shafin da na zana, wanda yake tambayar mutum wa yake jin kunya a cikin masu zuwa, don a raba su. Ya sa aka karanta masa, ya girgiza kai.

"Har yanzu ba ka gane ba, ɗana. Mai jin kunyar mutum ba shi faɗi, balle shi rubuta. Ni ma ba wanda ya taɓa gaya mani. Bukukuwansu na je, ni na kai kujeru."

Saboda haka a samfurin ƙarshe na Kujerata, in ka gama rajista ka danna maɓallin wurin zama (shuɗi ne har yanzu), abin da yake fitowa layi ɗaya ne: ka ga Baba Sallau a bakin ƙofa. Shi ne shafin da ya fi kowane aiki a cikin duk abin da na taɓa zanawa.

Alhajin Katsina bai sake dawowa ba. Lawwali yana nan yana noman gyaɗa, yana bin gidajen biki da gurminsa, muryarsa kuma sai abin da ya ƙaru. Duk lokacin da na ji wani da bai kai shi ba a rediyo, sai in kashe.

Bara na yi aure, kuma 'yar Safana na aura. Da Sallah ta zagayo Lawwali ya sake haɗa ɗan ƙaramin wasa, ya aiko a gaya min in zo. Na isa ƙofa, Baba Sallau ko kallona bai yi ba, ya nuna min wata kujera da sanda, a layin gaba. Na taka na je. A kujerar gefenta surukina ne, da carbinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na cire takalmana na tura ƙarƙashin kujera, na ɗosana a baki na juya rabin bayana. Kalangu ya ɗauka, ɗaki ya rikice da rawa a bayana, ni ina ƙirga tayil ɗin ƙasa. A tsakiyar waƙar 'yan acaɓa Lawwali ya tsayar da kiɗa, ya matso bakin dandamali, ya nuno ni da gurmi ya ce, "Bawana, taso mana ka taka, ai kusa da masoyinka kake."

Ɗakin ya fashe da dariya, har kafaɗar surukina na ga tana rawa. Ni ban ɗago kai ba, kuma ba kunya kaɗai ta hana ni ba. Shekara biyu ke nan ina jiran ya sake ce min bawana.

Yanzu duk wanda ya kawo min aikin manhaja, ko ta sayar da kaji ce, kafin in zana maɓalli ɗaya sai na fara tambaya wa ya auri ɗiyar wa.